Babi na 6: Unguwannin Siyena da Rainon Gadon Birni

Me ya sa wasu tsofaffin birane suke riƙe da bukukuwansu na gado da cikakken ƙarfinsu shekaru ɗaruruwa, alhali a wasu biranen da ba su gaza su tsufa ko daraja ba, bikin gargajiya ya koma abin da sai gwamnati ta ware kuɗi ake yinsa, in kuwa ba ta ware ba a tsallake shekarar? Wannan tambaya takan zo bakin duk wanda ya ga ganuwar garinsu tana zaizayewa, ko ya lura samari sun daina sanin sunayen ƙofofin da kakanninsu suka tsare. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce kuɗi, ko yawan baƙi masu yawon buɗe ido, kuma duka biyun suna da nasu tasirin. Sai dai birnin Siyena na ƙasar Italiya ya nuna cewa akwai abin da ya riga su, wato ƙungiyar mazauna gari wadda take da aikin yi a kowane mako na shekara, har ya zama ranar biki rana ce guda kawai daga cikin ranakun aikinta.

Birnin da ya rasa mulkinsa

Siyena tana yankin Taskani a tsakiyar Italiya, a kan tuddai uku, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Fulorans, kuma mazaunanta a yau sun ɗan haura 50,000. A ƙarni na 13 jamhuriya ce mai cin gashin kanta, wadda ta yi arziki da harkar banki da cinikin ulu, ga shi kuma ta zama zango a kan hanyar da masu ziyarar ibada daga arewacin Turai suke bi zuwa Rum. A shekarar 1260 rundunarta ta karya ta Fulorans a fagen Montaperti, nasarar da har gobe mutanen birnin suke ambato da alfahari. Daga 1287 zuwa 1355 wata majalisar attajirai mai mutum 9 ce ta riƙe mulki, kuma a zamaninta aka gina fadar gwamnati da doguwar hasumiyarta, aka shimfiɗa jan bulo a babban dandalin da ake kira Kampo, aka raba shimfiɗar gida 9 daidai da yawan masu mulkin.

Daga nan al'amura suka juya. Annobar 1348 ta kashe kaso mai yawa na jama'a, har aikin faɗaɗa babbar majami'ar birnin ya tsaya cik, kuma bangon da aka fara yana nan tsaye ba a ƙarasa shi ba. A 1555, bayan doguwar ƙawanya da yunwa, birnin ya miƙa wuya ga sojojin Sifaniya da na Fulorans, ba da jimawa ba kuma ya faɗa hannun gidan sarautar Medici. Koma-bayan da ya biyo ya yi wa gine-gine rana, domin ba a sami kuɗin rushe tsofaffi a ta da sababbi ba, shi ya sa a 1995 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Amma abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne abin da ya faru da mutanen. Jama'ar da aka ƙwace wa ikon yaƙi da sulhu da ɗora haraji ba ta rasa ɗabi'ar mulkin kai ba, sai ta mayar da ita cikin unguwanni, inda masu sarautar Fulorans ba su ga wata barazana ba.

Mece ce kontirada

Kontirada ita ce ƙungiyar mazauna wata unguwa ta cikin ganuwar Siyena, mai iyaka sananniya, da tuta, da alama, da shugabanni zaɓaɓɓu. Masana da dama suna danganta asalinta da rundunonin sa-kai da kowace unguwa take fitarwa don tsaron birni a zamanin jamhuriya, amma daga ƙarni na 15 an fi ganin sunayen waɗannan ƙungiyoyi a rubuce-rubucen da suka shafi bukukuwa, irin su farautar bijimai a cikin dandali da tseren dabbobi. Yawansu ya taɓa wuce na yanzu, rigimar iyaka kuma ta yi yawa a tsakaninsu, sai a 1729 Gimbiya Violante ta Bavariya, wadda take gwamnar birnin a lokacin, ta fitar da dokar da ta tsayar da adadinsu a 17, ta fayyace iyakar kowacce titi bayan titi. Da wannan rabo ake aiki har yau, kusan shekaru 300 ke nan.

Yawancin unguwannin sunan dabba suke ɗauke da shi. Akwai Mikiya da Mujiya da Kunkuru da Beguwa da Damisa da Rago da Raƙumin Dawa da Dodon Koɗi da Kyarkeci, akwai kuma waɗanda suka ɗauki sunan wani abu dabam, kamar Hasumiya da Kurmi da Igiyar Ruwa. Bayan kowace alama akwai tarihin sana'a ko na wani abin da ya taɓa faruwa. Unguwar Dinya tana gangaren da maɓuɓɓugar Fontebranda take, wurin da marina da majema suka zauna saboda yalwar ruwa, kuma a nan aka haifi Katarina ta Siyena a 1347, 'yar wani marini wadda cocin Katolika ta ɗaukaka zuwa matsayin waliyyai. Unguwar Tsutsa ta masaƙa ce, kuma tana tunƙaho da tawayen da ma'aikatan ulu suka yi a 1371. Unguwar Mikiya kuwa tana danganta tambarinta mai kai biyu da ziyarar da Sarki Charles na Biyar ya kai birnin a 1536.

Tsarin mulkin kontirada ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ƙarfinta yake. Kowacce tana da rubutaccen kundin dokoki, da babban taron 'ya'yanta wanda shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe, da shugaba da a mafi yawan unguwannin ake kira Priore, wanda ake zaɓa da ƙuri'a na wa'adin 'yan shekaru. Tare da shi akwai ma'aji da magatakarda da mai kula da taskar takardu da mai kula da kayan ado, kuma babu ɗayansu da yake karɓar albashi. Akwai wani zaɓaɓɓen jami'i dabam, kyaftin, wanda ragama take komawa hannunsa a kwanakin tseren dawakin birnin, wato Paliyo, kaɗai, irin rabon da tsofaffin jamhuriyoyi suke yi tsakanin shugaban zaman lafiya da shugaban yaƙi. Kuɗin tafiyar da ƙungiya daga aljihun 'ya'yanta yake fitowa, ta hanyar gudummawar shekara-shekara da kowa yake bayarwa gwargwadon ƙarfinsa, da ribar liyafofi, da abin da wasu suke bari a wasiyya. Da irin wannan kuɗi kowace unguwa ta mallaki ƙaramar majami'arta, da gidan tarihinta, da maɓuɓɓugar ruwa mai ɗauke da alamarta, da zauren shaƙatawa mai ɗakin girki, da barga wadda doki yake kwana a cikinta 'yan kwanaki kawai a shekara. Shugabannin 17 kuma suna da majalisa ta haɗin gwiwa da ake kira Magistrato delle Contrade, wadda take magana da murya ɗaya a gaban hukumar birni, take kuma sasanta abin da ya shafi kowa.

Daga haihuwa zuwa kabari

Baƙon da ya zo kallon tsere ba ya ganin mafi yawan aikin kontirada, saboda aikin yana faruwa ne a watannin da babu baƙi. Idan aka yi haihuwa a gidan ɗan unguwa, ana kafa tuta a hedikwatar ƙungiya da ɗan ƙyalle mai nuna namiji ne ko mace. Sau ɗaya a shekara, a lokacin bikin waliyyin unguwar, ana kawo jarirai bakin maɓuɓɓugar ruwa, shugaba ya shafa musu ruwan a goshi, ya ɗaura musu ƙyallen wuya mai launin unguwa, ya ba iyaye takardar shaida. Wannan shigarwa ba ta addini ba ce, ko da yake ta ari siffar baftisma, kuma abin lura shi ne ba tsohuwar al'ada ba ce, a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara ta. Ƙungiyar da take raye takan ƙirƙiri sabuwar al'ada idan ta ga bukata, kuma cikin tsara biyu sabuwar ta zauna daram tare da tsofaffin.

Yaro yana tasowa sai ya sami kansa cikin rukunin yara na unguwa, wanda manya suke kula da shi da wasanni da tafiye-tafiye da zaman hutu a ƙauye. A ranar 8 ga Satumba yaran kowace unguwa suna ƙawata ƙananan wuraren ibada da suke jikin bangon titunansu, ana gasa a kan wanda ya fi kyau. Da yamma, musamman daga bazara, ana jin ƙarar ganga tana tashi daga lunguna, inda samari suke koyon kiɗa da wasan tuta a hannun waɗanda suka riga su. Wasan tuta ba ƙaramin horo yake bukata ba, domin mutum biyu ne suke juya manyan tutocin siliki a tare, su wuce da su ƙarƙashin ƙafa, su cilla su sama su cafe, kuma duk motsinsu dole ya dace da bugun makaɗi guda. Ana shafe shekaru ana koyo kafin a amince wa saurayi ya wakilci unguwa a dandali. Tutocin da kansu mata ne na unguwa suke ɗinka su da hannu, ɗinki mai cin watanni, suna koya wa 'yan baya.

Ranar aure, ƙungiya takan aiko da yaro sanye da kayan gargajiya na unguwa ya tsaya wa ango da amarya, haka kuma ranar jana'iza ɗan aiken unguwa yana raka gawa da tuta mai ɗaure da baƙin ƙyalle. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai hidimar yau da kullum wadda ba ta da ganga ko tuta. Unguwanni suna da rukunonin masu ba da gudummawar jini ga asibiti, suna ziyartar tsofaffi da marasa lafiya, suna taimaka wa iyalin da suka shiga matsi ba tare da an tallata ba. Zauren shaƙatawa yana buɗe da dare, kuma a liyafofin da ake shiryawa, inda ake jera tebura a kan titi, likita da lauya da mai gyaran famfo duk suna shiga layin girki da raba abinci da wanke kwanuka idan zagayen ya zo kansu. Shekarar unguwanni ma tana da nata farkon, ranar 1 ga Disamba, ranar waliyyi Ansano, lokacin da duka 17 suke fitowa da tutocinsu su tafi babbar majami'a tare da shugabannin birni.

Kwanaki huɗu na Paliyo

Paliyo shi ne tseren dawakin da ya sa duniya ta san Siyena, kuma sau biyu ake yinsa a shekara, ranar 2 ga Yuli da ranar 16 ga Agusta, dukansu don girmama Maryamu mahaifiyar Annabi Isa bisa aƙidar Katolika. Na Yuli ya kafu ne a tsakiyar ƙarni na 17, na Agusta kuma ya biyo baya a ƙarni na 18. Unguwanni 10 ne kawai suke shiga kowane tsere, doka ce da aka kafa a 1721 saboda ƙuncin fili. Bakwai da ba su shiga tseren wannan wata a bara ba suna da gurbi kai tsaye, sauran uku kuma ƙuri'a ce take fitar da su.

Kafin ranar, ana zuba ƙasa mai ruwan ɗorawa a kewayen dandali, a daddaɓe ta a kan duwatsun da aka shimfiɗa. Kwana uku kafin tsere, kyaftin-kyaftin suna zaɓar dawaki 10 daga cikin waɗanda likitocin dabbobi suka tantance, sannan a raba su ga unguwanni da ƙuri'a a bainar jama'a. Wannan shi ne ginshiƙin adalcin bikin, domin unguwa mai kuɗi ba ta da ikon sayen doki mafi gudu, kuma dokin da ya faɗo mata ba a canza shi, ko da ya ji rauni ya kasa fita. Daga wannan sa'a mai kula da barga ba ya rabuwa da dokin dare da rana. Ana yin gwaji sau 6, safe da yamma, kuma a daren jajibiri kowace unguwa tana shirya liyafa a titunanta wadda ɗaruruwa, a manyan unguwanni ma dubbai, suke halarta. Da rana ta yi, ana shigar da dokin har cikin majami'ar unguwa, limamin coci ya sa masa albarka tare da mahayinsa, ya sallame su da fatan su dawo da nasara.

Tseren kansa zagaye uku ne na dandali, kimanin mita 1,000, kuma bai cika wuce minti ɗaya da rabi ba. Mahaya suna hawa ba sirdi ba likkafa, kowanne riƙe da bulalar busasshiyar jijiyar bijimi wadda doka ta yarda ya yi amfani da ita a kan abokan karawarsa. Dawaki 9 suna jeruwa tsakanin igiyoyi biyu bisa tsarin da ba a bayyanawa sai a lokacin, na goma kuma yana baya, kuma shigowarsa da gudu ita ce take buɗe tsere, shi ya sa tashi yakan ɗauki dogon lokaci ana jan ƙafa ana lissafi. Doki ne yake cin tsere, don haka ko mahayi ya faɗi a kwanar San Martino, wadda ta fi kowace haɗari, dokin da ya iso farko shi kaɗai ya ci wa unguwarsa, kamar yadda ya faru a Agustan 2019 lokacin da unguwar Kurmi ta yi nasara. Ladan nasara doguwar tuta ce ta siliki mai zane, babu ko sisin kwabo a tare da ita. Jama'ar unguwa suna ɗaukar ta kai tsaye zuwa majami'a don godiya, daga baya a rataye ta a gidan tarihinsu kusa da waɗanda kakanni suka ciyo.

Jerin gwanon tarihi

Kafin a saki dawaki, ana shafe kusan sa'o'i biyu ana jerin gwano a kewayen dandali, mutum fiye da 600 sanye da kayan ƙarni na 15, yayin da babbar ƙararrawar hasumiya take kaɗawa ba tsayawa. Wanda ya san hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, inda kowane hakimi yake wucewa da tawagarsa da makaɗansa da launin kayansa, zai gane tsarin nan take, sai dai a Siyena tawagogin na unguwanni ne, kuma mazauna unguwar su suka zaɓi shugabanninsu. Kowace tawaga tana da makaɗi guda, da masu wasan tuta biyu, da jarumi cikin sulke, da masu rakiya, kuma akwai kyauta ta musamman mai suna Masgalano da ake ba tawagar da ta fi iya wasa da natsuwa a shekarar.

Jerin gwanon karatun tarihin jamhuriya ne a aikace. Ana ɗauke da tutocin garuruwan da suka taɓa zama ƙarƙashin Siyena, ana ba garin Montalcino matsayi na girmamawa saboda a can waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da riƙe sunan jamhuriya har 1559. Mahaya 6 suna wucewa da kwalkwali a rufe, suna wakiltar unguwanni 6 da suka shuɗe, don kada a manta cewa ƙungiya ma tana iya mutuwa. A ƙarshe keken yaƙi yake shigowa, fararen shanu 4 suna jan sa, ɗauke da tutar da za a yi takara a kanta. Kwana biyu kafin tseren Agusta ma akwai wani jerin gwanon da ba a cika nuna wa baƙi ba, inda unguwanni da hukumar birni suke kai kyandirori babbar majami'a, al'adar da ta samo asali daga zamanin da garuruwan da suke ƙarƙashin jamhuriya suke kawo kakin zuma a matsayin gaisuwar mubaya'a.

Gaba da ƙawance

Ba za a fahimci zafin Paliyo ba sai an san cewa yawancin unguwanni suna da abokiyar gaba ta gado, galibi maƙwabciya. Dinya da Hasumiya ba sa ga maciji, haka Kunkuru da Dodon Koɗi, da Mikiya da Damisa, da Beguwa da Kyarkeci. Hana abokiyar gaba ci yana kusa da nasara a wurinsu, zuwa na biyu kuwa ana ɗaukar sa a matsayin faɗuwa mafi ciwo. Saboda haka kyaftin da mataimakansa suke shafe shekara suna ƙulla yarjejeniyoyin sirri da wasu unguwanni da mahaya, inda ake alkawarin kuɗi don a ba da hanya ko a tare wani. Kowa ya san ana yi, kuma mutanen birnin suna ɗaukar sa a matsayin siyasar biki, ragowar dabarun ƙawance na zamanin jamhuriya. Mahayan haya ne, da yawansu daga tsibirin Sardiniya, kuma ba a cika sakin jiki da su ba, duk da cewa wasu sun yi suna ƙwarai, kamar Andrea Degortes da ake wa laƙabi da Aceto, wanda ya ci tsere 14.

Unguwar da ta yi nasara ita ce take biyan duk alkawuran da aka ɗauka, ta kuma ɗauki nauyin shagulgulan makonni da babbar liyafar lokacin kaka, wadda ake ajiye dokin a wurin babban baƙo. 'Ya'yanta suna tara wannan kuɗi da murna. Wadda ta fi daɗewa ba ta ci ba ana kiranta kaka, wato tsohuwa, suna ne mai nauyi da kowa yake gudu. Unguwar Kyarkeci ta zauna ba nasara daga 1989 har 2016, sannan a shekarar ta cinye tseren Yuli da na Agusta duka, da doki guda da mahayi guda. Gabar takan kai ga dambe a dandali, kuma hukumar birni tana hukunta unguwa ko mahayi da dakatarwa daga tsere. Duk da haka, wannan kishi shi ne yake hana kowace unguwa yin sakaci da gidan tarihinta ko horon samarinta, tunda maƙwabciya tana kallo.

Wa yake da ikon biki

Hukumar birni ce take shirya Paliyo bisa rubutacciyar doka, magajin gari ne yake jagorantar ƙuri'o'i, amma ba za ta iya taɓa wani muhimmin abu ba sai da shawarar unguwanni. Babu allon talla a dandali, babu sunan kamfani a rigar mahayi, tsakiyar fili kuma kyauta ne ga duk wanda ya iso da wuri ya jure rana. A 1981 unguwanni suka kafa wata hukuma tasu don kare alamominsu da hotunan bikin daga masu neman yin kasuwanci da su ba izini. Wannan tsayin daka ya dace, domin bikin da aka sayar wa mai talla yakan koma bin lokacin da mai talla yake so da siffar da yake so, masu shi kuma su zama 'yan kallo.

Riƙe iko bai hana buɗe ƙofa ba. Kowane tsere sabon mai zane ake ba aikin tutar nasara, kuma an sha ba baƙi, kamar Fernando Botero na Kolombiya a 2002. A Yulin 2010 aka ba Ali Hassoun, Musulmi ɗan asalin Lebanon, wanda ya sa rubutun Larabci mai nuni ga Suratu Maryam a jikin zanen. An yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu, amma aka yi tsere a kan tutar, unguwar da ta ci kuma ta kai ta gidan tarihinta. Haka nan akan shirya tsere na musamman don wani babban lamari, kamar wanda aka yi a 1969 bayan saukar ɗan Adam a duniyar wata.

Inda tsarin yake jin jiki

Babbar suka da ake yi wa Paliyo ta shafi dawaki, kuma masu sukar suna da hujja, domin dawaki sun sha karyewa a kwanonin dandali har ya kai ga mutuwarsu, ciki har da wanda ya mutu bayan tsere na musamman na Oktoban 2018. Birnin ya ɗauki matakai: ana tantance lafiyar dawaki tun kafin a kawo su, ana gwajin ƙwayoyi, an sa katifun kariya a kwanar San Martino, an daina amfani da dawakin tsere tsantsa an koma ga ruwa-biyu masu ƙwarin ƙashi, an kuma tanadi gona a Radicondoli inda waɗanda suka ji rauni ko suka tsufa suke ƙarasa rayuwarsu. Matakan sun rage haɗari amma ba su kawar da shi ba, kuma unguwannin da suke shigar da doki majami'a su zaunar da shi a kan teburin girma, su ya fi kamata su riƙa matsa wa kansu lamba a kan wannan batu kafin wani ya matsa musu.

Akwai kuma matsalar da ba ta da hayaniya amma ta fi zurfi. A da, wurin haihuwa shi yake nuna unguwar mutum, har akan sami miji da mata da 'ya'ya a unguwanni dabam-dabam. Yanzu a asibiti ake haihuwa, tsadar haya da gidajen saukar baƙi kuma sun tura iyalai da yawa bayan ganuwa, don haka zama ɗan unguwa ya fi komawa ga gado daga iyaye ko zaɓin mutum. Ƙungiyar da 'ya'yanta suke zuwa da mota daga nesa dole ta ninka ƙoƙari kafin ta riƙe zumuncin da a da maƙwabtaka take bayarwa a sauƙaƙe. Matsayin mata ma ya canza, sun riƙe shugabanci da muƙamin kyaftin a unguwanni da dama, ko da yake unguwar Dinya ba ta ba su cikakken ikon ƙuri'a ba sai a farkon shekarun 2010, bayan wasu daga cikinsu sun kai ƙara kotu.

Jarrabawa biyu na baya-bayan nan sun gwada tsarin. Bankin Monte dei Paschi, wanda aka kafa a 1472, ya daɗe yana tallafa wa birnin da unguwanninsa, amma ya faɗa cikin rikicin kuɗi har gwamnatin Italiya ta karɓi mafi yawan hannun jarinsa a 2017, tallafin kuma ya ja baya ƙwarai. Sannan annobar korona ta hana tsere a 2020 da 2021, abin da ba a gani ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. A waɗannan shekaru unguwanni sun juya ga kai wa tsofaffi abinci da magani da tallafa wa mabukata, kuma da aka dawo dandali a Yulin 2022 akwai makaɗa da masu tuta da masu ɗinki a shirye, domin horon bai dogara ga bankin ko ga ranar tsere ba.

A Siyena unguwa ce tushen ƙungiya, abin da take karewa kuma biki ne da zumunci, tunda gine-ginen bulo da dutse suna iya jure shekaru ba a taɓa su ba. Akwai biranen da ginin kansa ba ya jure sakacin damina biyu ko uku. Babi na gaba zai koma Jenne a ƙasar Mali, inda ƙungiyar magina ta gado take jagorantar gari gaba ɗaya wajen yaɓen babban masallacin ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907.